Babi na Huɗu na Kundin Rifkatu

Shekara shida ke nan da muka binne ƙanwata Rifkatu, saura mako uku ta kare kundinta na digiri na uku a fannin shari'a. A takarda ba ta zama Dokta ba. Ni Dokta nake ce mata. Wanda abin ya ɓata wa rai ya kai ni kotu, dama a bakin ƙofarta nake wuni.

Aji huɗu na yi a firamare, sana'ata buga wa mutane takardar koke da tafireta a Sabon Gari. Ranar da ta kawo fom ɗin jami'a ta ce, "Yaya, duk aikin nan kai za ka buga min." Na ce, "Ke Rifkatu, ga ki lauya, ga digiri biyu. Na ukun miya za ki kaɗa da shi?" Ta ce so take ta tabbatar a rubuce cewa ba a korar mace daga gidan mijinta don ya mutu. Haka aka yi wa uwarmu a Jushi, muna yara muna kallo.

Shekara biyar tana hawan bas zuwa jami'a a Samaru. Jan biron malaminta ba ya ƙoshi. Ya gyara kalma ɗaya, shafi ya tafi, domin tafireta ba ta san yafiya ba. Babi na huɗu, mai hujjojin haƙƙin matar mamaci, sau bakwai na buga shi. Aka ce ta koma kwamfuta, ta ce kwamfuta ba ta iya yi mata gardama kamar ni.

Da za ta leƙo yau ta ga ɗalibai suna gyara babi guda da yatsa ɗaya, tsaki za ta yi, ta tambaye su mata nawa suka mayar ɗakinsu.

Bayan rasuwarta na sa babbar riga na je Samaru, na ce a bar ni in kare mata. Wani farfesa ya ce doka ba ta yarda ba. Na ce wace dokar, shafi na nawa? Aka raka ni bakin ƙofa cikin mutunci.

To, watan jiya wata mata ta zo teburina, dangin marigayin mijinta sun watso mata kaya waje. Na buga mata koke, na zuba babi na huɗu daga ka, ban duba takarda ba. Yanzu haka tana cikin ɗakinta.

Ranku ya daɗe farfesoshi, an kare kundin. Hular ce kawai ta rage a wajenku.