Kuben Libarba

A gidanmu na Damagaram ba a tambayar yaro abin da zai zama. Kakana baduku ne, mahaifina baduku ne, ni ma tun kafin in iya karatu na iya zura zare a basilla. Sai ga ni a Greensboro, ina yanka fatar kujerun falo a wata masana'anta da ke bayan High Point Road, inji na zana mini layi ina bi. Duk sanda na sayi katin waya na kira gida, bayan gaisuwa tambayar Baba ɗaya ce: "Har yanzu kujeru kake ɗinka wa riguna?" Yana faɗa yana dariya, amma ni abin na cina a rai. Ranar da zan baro gida na roƙe shi askarsa ta fiɗar fata, ya hana. Ya ce aska ta mai aiki ce, ba ta matafiyi ba. Abin da ya ba ni kawai jar fatar akuya guda, wadda na ajiye a ƙasan akwati ba tare da na san me zan yi da ita ba.

A wurin aiki akwai wasu Turawa da ba su da hira sai ta bindiga. Da an tashi cin abincin rana za su baje mujallu a tebur, a yi ta musu kamar yadda ake musun kokawa a garinmu. A shekarar da nake magana, wani kamfani ya dawo da wata tsohuwar libarba, ƙaramar bindigar nan mai ganga a tsakiya da ke juyawa da harsasai. An daɗe da daina ƙera ta, sai ga ta an sake fitowa da ita. Kai ka ce wani mamaci ne ya dawo.

Teburin ya rabu biyu. Akwai wani mai gemu, gwanin gyaran injinanmu, wanda bai ga alheri ko ɗaya a cikin sabuwar ba. Ya ce tsohuwar, hannu ne ya goge ta har baƙinta ya yi shuɗi, wannan kuwa inji ne ya tofo ta. Abin da ya fi ƙona masa rai wani ɗan rami ne da aka yi a gefenta don makulli. Idan ya zo kan ramin nan har jijiyar wuyansa ke tashi. Ɗaya ɓangaren kuma wani dattijo ne da ke zaune a Pleasant Garden, mutum mai sanyin magana, wanda ya kusa barin aiki. Shi bai cika musu ba. Ya ce mahaifinsa irinta yake da ita, kuma an sayar da ita yana yaro lokacin da gida ya shiga wahala. Ya san sabuwar ba ita ba ce, amma zai saya.

Ya kuwa saya. Sai dai wata rana na ji yana ƙorafin kube. Na kanti duk roba ne ko baƙin yadi, shi kuma ba zai sa bindigar a roba ba. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ni zan yi maka," na ce.

Duk suka juyo. Mai gemu ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ka taɓa riƙe bindiga?"

"Ban taɓa ba. Amma gidanmu kube muke yi wa takubba tun kafin a gina masana'antar nan."

Da zafi na faɗa, don ina da saurin hawa, ban musa ba. Dattijon ya zana mini siffar bindigar a kwali, ya ce in gwada.

Na ciro jar fatar Baba. Wanda bai taɓa jar fatar ƙasarmu ba ba zai gane abin da nake ji ba. An jeme ta da bagaruwa, an rina ta da karan dafi, an murza ta har ta yi laushin da za ka dunƙule ta a tafin hannu. A wurinmu laushin nan shi ne darajar fata. Idan mai saye ya zo, abin da yake fara yi ke nan, ya murza, ya ji ko ta bi hannu. Na zauna ranakun hutu a falon gidanmu na haya, na yanka, na ɗinka, na yi ado da ɗinkin gidanmu, na rataya tuntu biyu a baki kamar yadda ake yi wa kuben takobin mai sarauta. Da na gama na ɗaga shi sama, na ji ni ɗan ubana ne.

Ranar Asabar na kai masa Pleasant Garden. Gidansa na da fili mai faɗi a baya, da tudun ƙasa inda suke harbi, kuma rabin teburin abincin rana na can, har da mai gemu. Dattijon ya karɓi kuben ya shafa, ya yaba ɗinkin. Ya buɗe gangar bindigar ya nuna wa kowa babu harsashi, don haka al'adarsu take, ko sau nawa za a ɗauka sai an duba. Ya ɗaura kuben a ɗamara ya tura bindigar.

Bakin kuben ya lanƙwashe ya bi ta ciki, tuntu ɗaya ya shige gaban kunamar da ake ja a harba. Da ya ƙara turawa, muka ga gangar ta fara juyawa da kanta. Ya tsaya cak, ya zare a hankali. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Mai gemu ne ya yi magana, ba da izgili ba. Ya ce da akwai harsashi, da cinyar mutumin nan ta tafi. Ya ce kuben bindiga dole ya tsaya da bakinsa a buɗe ko babu komai a ciki, ya rufe kunama, ya yi tauri. Laushin da nake taƙama da shi, shi ne aibin.

Kunya ta kama ni har kunnuwana suka yi zafi. Dattijon ya ce ba komai, zai rataye shi a bango don kyau. Wannan ta fi yi mini ciwo. Ban tsallako teku don in yi kayan bango ba. Na ce masa ya ba ni lokaci, zan sake.

Matsalar ita ce fata mai tauri sai an gina ta a jikin abin da za ta riƙe. Dattijon ya ce in riƙa zuwa gidansa, amma aiki irin wannan na zama ne, a jiƙa, a danna, a bari, a dawo. Na gwada wa maiɗakina maganar ko za a kawo bindigar gida babu harsashi. Tana tsaye a kicin ta juyo da ludayi a hannu.

"Malam, a apartment ɗin nan? Da yarinya? Jamais, har abada. Ko hotonta ban yarda ba."

"Na kwana biyu ne fa."

"Ko na minti biyu. Ka ɗinka wa maƙwabta jaka idan hannunka ne ke ƙaiƙayi."

Gaskiyarta ce, ni ma a raina ban so ba. Na yi kwanaki ina juya abin a kai, har ranar da na ga tana ɗiga man shafawa daga ɗan tandun da ta zo da shi daga gida. Kusa da rumfar Baba akwai wani mai yin tandu. Muna yara mukan tsaya kallonsa: ya gina siffa da yumɓu, ya lulluɓe ta da jiƙaƙƙiyar fata, ya shanya, idan ta bushe ta yi ƙarau sai ya fasa yumɓun ya zazzage. Mu 'ya'yan dukawa har raina aikinsa muke yi, wai ba shi da ɗinki.

Ƙasar Pleasant Garden ja ce mai danƙo, ko'ina ka sa shebur yumɓu ne. Na koma gidan dattijon da bokiti. Ya ajiye bindigar a tebur, ya nuna mini babu harsashi, na zauna gabanta ina gina irinta da ƙasar bayan gidansa, ina auna kowace gaɓa da zare. Ranar na fara taɓa ta. Ta fi yadda na zata nauyi, da sanyi. Yana zaune yana shan kofi yana ba ni labarin mahaifinsa, ni kuma hannuna na cikin laka.

Da na shigo gida da ita a faranti, maiɗakina ta buɗe baki za ta yi faɗa, 'yarmu ta leƙa ta ce, "Mommy, it's just mud." Tunda laka ce kawai, aka bar ni da ita a baranda.

Na sayi kirgi, fatar saniya mai kauri, a wani shagon masu kayan doki da ke wajen gari. Na jiƙa da ruwan ɗumi, na lulluɓe siffar, na yi ta danna kowane lungu da ƙashin haƙarƙarin rago har yatsuna suka kumbura. Na farko ya fito da kyau amma bindigar ta ƙi shiga, don na manta yumɓu na tsukewa idan ya bushe. Na jefar da shi da haushi, washegari na je na ɗauko shi don in ga inda ya matse. Na naɗe siffar da tsumma, na sake. Na biyu ya yi sako-sako. Maiɗakina ta ce barandarta ta koma majema, kuma duk wanda ya zo gaisuwa sai ta nuna masa mijinta da bindigarsa ta laka. Na bar ta ta yi ta tsokana. Na riga na ƙudurta cewa ko damina za ta ƙare a kansa sai na yi.

Da na samu wanda ya zauna, na ɗauko ragowar jar fatar na lulluɓe bayansa da ita, ta kwanta lumui a kan kirgin, na bi gefe da ɗinkin gidanmu. Tuntu kuwa ban sa ba, ko da yake hannuna ya so.

A bayan gidan dattijon aka sake taruwa. Ya duba ganga, ya tura bindigar, ta shige da wata 'yar ƙara ta zauna. Ya kife kuben ƙasa ya girgiza, ba ta faɗo ba. Ya zare, bakin ya tsaya a buɗe. Mai gemu ya karɓa ya sa babban yatsa yana neman inda zai lanƙwashe, bai samu ba. Ya daɗe yana kallon ɗinkin. Ya ce shi dai har gobe sabuwar bindigar nan ba ta kai ta da ba, kuma ramin makullin abin kunya ne. Sannan ya ce yana da tsohuwar libarba a gida, ta asali, ko akwai sauran yumɓu a bokitin.

Dattijon ya miƙa hannu ya karɓa. Ya ɗaura kuben ya yi ta zagaya filinsa da shi, hannunsa na kan bindigar.

Da na kira gida na ba Baba labari duka, har da tuntun da ya kusa jawo masifa, da mai tandun da muke rainawa. Ina jin kukan awaki a bayansa. Bai yaba ba, shi ba ya yabo. Ya tambaya ko na ɓoye ƙullin zaren, na ce na ɓoye. Ya tambaya ko fatar ta rage, na ce saura tafin hannu. Katin ya ƙare kafin mu yi sallama.

Bayan wasu watanni wani Alhaji ɗan garinmu ya dawo daga ganin gida, ya kira ni in je in karɓi saƙo. A mota na kwance ƙullin, don ban iya jira ba. Jajayen fatu ne a naɗe, warin bagaruwa ya cika motar. A tsakiyarsu, cikin tsohon tsumma, askar Baba ce, ƙotarta ta lotsa daidai inda babban yatsansa ke zama. Na ɗora nawa a wurin, na daɗe ban tayar da motar ba.