Sunan da Jan Biro Ya Soke

Shekara talatin da huɗu Baba Jan Biro ya yi a kan teburi ɗaya, gefen tagar da ke kallon inda ake jibge ragowar takarda. Aikinsa duba rubutu kafin a kai wa inji. Jaridar ta mako-mako ce, shafi goma sha biyu, ba ta wuce garin da ƙauyukan kewaye. A makarantar mishan ya koyi rubutu, wurin wani malami da ke auna tsayin harafi da rula, in harafin ya karkace kuma ya auna bayan hannu da ita. Har ya yi furfura bai taɓa sa hannu a shafin da bai karanta sau biyu ba.

Gidan yana da al'ada tun zamanin Tsoho, wanda ya kafa jaridar: ba a sa sunan kowa a kan labari. "Daga wakilinmu," shi ke nan. Tsoho yana da dalilinsa. A wancan lokaci in ka taɓa mai ƙarfi, ƙarti ake turowa neman wanda ya rubuta. Sai ya fito bakin ƙofa, ya turo hula gaba, ya ce, "Ni ne wakilinmu. Wa ke nemana?" Haƙori biyu ya rasa a kan wannan magana, amma ba a taɓa yi wa ma'aikacinsa ko ƙwarzane ba.

Da Tsoho ya rasu ɗansa ya hau kujerar edita. Ya sa wa ofishinsa kafet da labule, ya bar al'adar yadda ya same ta.

Akwai wata wakiliya da ake kira Auta, 'yar marigayi mai juya injin gidan, aminin Baba. Wata Laraba ta shigo da labari shafi shida, ƙafarta duk taɓo. Firjin ajiye allurar rigakafi na asibitin unguwa ya mutu wata bakwai, ana kuma ta yi wa jarirai allurar da zafi ya riga ya lalata. Sau goma sha ɗaya ta je, ta bi iyaye mata gida gida tana duba katunan yaransu. A saman shafin farko ta rubuta sunanta.

"Baba, wannan ɗaya dai ka bar mini," in ji ta.

"Gidan nan ba a sa suna. Mahaifinki ma ya sani."

"Mahaifina inji yake juyawa, Baba, bai taɓa shan rana a layin allura ba."

Ya ɗora rula, ya ja jan layi a kan sunan, sambal. A ransa kare ta yake yi.

Labarin ya girgiza gari. Cikin mako biyu aka kawo sabon firji, aka kira yara aka sake musu allura. Ba ƙato ko ɗaya da ya zo bakin ƙofa. Abin da ya zo wasiƙa ce daga ƙungiyar 'yan jaridun yankin: labarin firji ya ci lambar yabo ta shekara.

Ranar bikin Baba ya goge tsohuwar kwat ɗinsa, ya zauna a sahun baya kusa da Auta. Ya ji daɗin taron da farko. An karrama wani da ya bi diddigin gadar da ta tsage, da wata mai gidan rediyon ƙauye, aikin da ya san Tsoho zai cire wa hula. Sai aka zo kan firji, aka kira sunan Edita. Ashe da ya aika da labarin gasa, sunansa ya cika a fom. Yana wucewa ya miƙa wa Auta wayarsa.

"Ki ɗauke ni da kyau, lambar ta fito."

Ta ɗauka. Edita kuwa yana kan dandamali yana ba da labarin wahalar da ya sha.

Ran Litinin Baba ya shiga ofishin kafet ba sallama.

"Ranka ya daɗe, asibitin nan, ƙofarsa gabas take kallo ko yamma?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Irin wadda ake yi wa wanda ya je sau goma sha ɗaya."

Edita ya yi 'yar dariya. "Haba Baba, ai al'adar gida ce. Mahaifina ma cewa yake shi ne wakilinmu."

"Mahaifinka duka yake karɓa da wannan kalma. Kai tafi ka karɓa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!"

"Dattijo, tsaya a kan waƙafinka da ayarka. Ja mini ƙofar."

A fitowar makon, hoton da Auta ta ɗauka ya cika shafin farko, ƙarƙashinsa an rubuta cewa edita ne ya bankaɗo labarin. Baba ya kewaye layin da ja, ya ƙi sa hannu. Edita ya ce a buga haka. Aka buga.

Talatar da ta biyo Auta ta ajiye masa takarda. Ta barin aiki ce.

"Duba mini, Baba, kada a ce na tafi da kuskure. Shagon ɗinkin yayata na neman hannu."

Bai ɗago ba, don ya san da wane biro aka fara wannan ta'asa. Ya jefa takardar a aljihun tebur, ya ce, "Sai Juma'a."

A ƙasan shafi na biyu akwai wani akwati da bai fi tafin hannu ba, mai kanun "Gyara". Tun zamanin Tsoho, Baba kaɗai ke rubuta shi. Shi ne abu na ƙarshe da ake kai wa inji, kuma ba editan da ke son karanta kurakuransa, saboda haka ba mai dubawa. Alhamis da la'asar ya sauka ɗakin inji da kansa. Mai injin yanzu ya karanta, ya sosa ƙeya.

"Baba, wannan fa zai ci kujerarka."

"Kujerar ta daɗe tana cin bayana. Buga."

Ga abin da ya fito: "A makon jiya mun ce edita ne ya binciko labarin firjin asibiti. Ba haka ba ne. Wadda ta binciko shi, ta kuma rubuta, ita ce," sai sunanta cikakke, haɗe da na mahaifinta. Layin ƙarshe ya ce, "Kuskuren daga teburin gyara ya faro. Muna neman afuwarta da ta masu karatu."

Juma'a da hantsi Edita ya fito yana kumfar baki, ya ce a dawo da jaridar. Ina! Kwafi dubu uku sun riga sun watsu a tasha da kasuwa. Sai ya juyo kan Baba, ya ce ya kwashe komatsansa kafin azahar. Komatsan ba su da yawa: rula, tabarau, kofin shayi, da ƙamus wanda bangonsa ya fita.

Yana cikin ɗaure su wata mata ta leƙo, goye da jariri, jarida a hannunta. Ba ta ce wakilinmu ba. Suna ta ambata, cikakke, ta ce ta zo ta ga fuskar mai shi. Auta ta miƙe a hankali, kamar an kira ta a aji.

Baba ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko takardar barin aikin.

"Wannan fa, 'yar nan? In miƙa?"

Ta karɓa, ta ninke ta huɗu, ta cusa a ƙasan jaka, ta jawo wa baƙuwar kujera.

Lambar dai tana nan rataye a ofishin kafet, da sunan wanda bai san inda ƙofar asibiti ke kallo ba. Baba in ya tuna sai ya yi tsaki. Ya bar rular a kan tebur, amma biron ya soke shi a aljihun kwat ya sauka matakala.