Neman Baƙon Baba a Bawku

Salaga zuwa Yendi

Na bar Salaga ana idar da sallar asuba, wata Laraba a ƙarshen shekarun tamanin, sabuwar doya ta kusa shigowa kasuwa. Ba ni da kaya sai jaka da ƙullin goro.

Alhaji Seidu mai albasa na Bawku ne ya fitar da ni. Tun ina yaro gidanmu yake sauka, shi da 'yan kasuwar da ke bin sa. Baba ba ya karɓar kuɗin kwana. Zai ba su zaure da tuwo, ya raka su kasuwa a sayar da albasa a sayo doya, ya ci la'adarsa. Bayan rasuwar Baba wani ya dawo daga Kumasi ya gina hotal kusa da tasha, da fanka da janareta da allo mai fenti. Sai idona ya rufe. Na raba zauren Baba gida huɗu, na sa ƙofofi da makullai, na yanka kuɗin ɗaki, na ce a daina girka wa baƙi. Masu kuɗi suka ci gaba da zuwa inda fanka take, mutanen Bawku kuma suka koma gidan Hajiya Mariama, bayan masallaci. In Alhaji bai dawo mini a kakar doyan nan ba, sai dai in rufe gidan.

Motar katako na shiga, ta hanyar Bimbilla. Direban ya san ni.

"Mai hotal! Yau wa ka bar wa makullai?"

"Ja motarka, Fuseini."

"Ai ko a buɗe ka bar su, ba mai shiga."

Fasinjoji suka yi ta dariya, har da matar da ke riƙe da zabi a cinya. A shingen Bimbilla ɗan sanda ya kwance goron, ya zaɓi farare biyu, ya ce mu wuce.

Yendi

Mun shiga Yendi bayan azahar. Ina da kawu a garin, Malam Imoru, amma na wuce wani hotal don in ga dabararsu. Mai wurin dogo ne, tsohon ma'aikacin gwamnati. Da na faɗa masa sana'ata ya jawo mini kujera.

"Su wa ke kwana a wurinka?" ya ce.

"'Yan kasuwa nake so."

"Ni ko ɗaya ba na samu, kuma ba na nema. Nawa ma'aikata ne, masu zuwa da motar ofis. Ɗan kasuwa ya kulle kansa a ɗaki, wa zai gaya masa farashin gobe?"

Na ci shinkafa da wake a bakin titi, na koma ɗaki ni kaɗai. Sai na tuna zaurenmu bayan magariba: akushi a tsakiya, warin albasa, wannan na hira da yaren Kusasanci, wancan da Mosanci, Baba na raba nama da hannunsa.

Da safe na je gaida kawu. Labari ya riga ni. Ya amsa gaisuwar yana kallon allon da yake wankewa.

"Ɗanladi, tabarmata ce ta yi maka kaushi?"

Na ba shi haƙuri. Duk da haka sai da ya sa aka kawo mini koko da ƙosai.

Gushegu, Nakpanduri, Garu

Daga Yendi motar shanu na samu zuwa Gushegu, a saman katako, ƙafafuna na lilo a kan ƙahoni. Can na sauya wata. A gangaren dutsen Nakpanduri direba ya ce maza su sauka, muka bi motar a ƙasa muna salati. Bayan Garu 'yan kwastan suka sauke kayan kowa. Mun isa Bawku rana ta yi ja.

Bawku

Ban yi wahalar neman gidan ba, duk wanda na tambaya sai ya nuna. Alhaji na zaune a ƙofa ana ɗinke buhunan albasa. Ya tsufa, amma muryar tana nan.

"Ɗan maigidana! Ku karɓi jakarsa. A yanka zabo."

Kwana biyu bai bar ni na faɗi abin da ya kawo ni ba. Tuwon zafi da miyar ayoyo, fura da rana, ya zaga da ni kasuwa yana cewa, "Uban wannan ne ya riƙe ni a Salaga." A rana ta uku na ajiye goron a gabansa, na ce ya dawo, ba zan karɓi ko sisi ba.

"Kana tsammani kuɗin ɗaki ne ya kore ni?" ya ce. "Ranar da na zo ka miƙo mini makulli, na fita kasuwa ni kaɗai. Manoman doya suka ce, Alhaji, wa ya tsaya maka? Ubanka shi ke shiga gaba, ya ce wannan baƙona ne, sai a loda mini mota. Ranar albasata ta kwana a tasha, hadari na haɗuwa. Hajiya Mariama ce ta sa aka kwashe ta."

"Alhaji, zan rushe bangon da na raba zauren da shi. Zan shiga gabanka."

"Rushe, ɗana, zai yi maka amfani. Amma baƙo ba ya barin maigidan da bai yi masa laifi ba. Da wane ido zan kalli matar nan?"

Ya ɗauki goro ɗaya ya fasa, ya ba ni rabi.

Komawa

Na biyo ta Bolga da Savelugu, na kwana a Tamale, washegari na iso gida da la'asar, da buhun albasa da ya sa aka ɗora mini. Uwargida ta tarye ni a soro.

"Zai zo?"

"Ba zai zo ba."

Da doya ta shigo, motarsu ta bi ta ƙofarmu. Alhaji na gaba, ya ɗaga mini hannu, suka wuce bayan masallaci. In yana gari, kullum da yamma yakan tako ya gaishe ni, mu zauna a dakali, in an kira magariba ya koma can cin tuwo. Haka muka yi har shekarar da ƙafa ta hana shi tafiya. Gidan kuwa sai na ba malaman makaranta haya.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Allah ya jiƙan kawu Imoru, ya jiƙan Alhaji Seidu, ya saka wa Hajiya Mariama da alheri. Ta riƙe baƙin Baba yadda ya kamata.