Ammi Lurwanu da Sahun 'Yan Baya

Duk wanda ya zauna a Jarwal, unguwarmu da ke kusa da Harami, ya san ƙarar garwar Ammi Lurwanu kafin ya san fuskarsa. Da an sallame Asuba yake saɓa sandarsa mai garwa biyu, ya gangara bazan inda unguwa ke ɗiban ruwa, ya bi layi, ya cika, sannan ya shiga hawa matakalan gidajen mutane. Gida goma sha ɗaya yake shayarwa. Bayan La'asar kuma sai ya rataya usur, ya nufi filin raƙuma da ke bayan unguwa, inda ya shekara goma sha biyu yana koya mana ƙwallo, ba wanda ya ɗauke shi aikin. A watan nan gwiwoyinsa suka ce ya isa haka. Ya ajiye garwa, ya ajiye usur, kuma ban ji wanda ya tashi ya ce masa sannu ba. Abin ya yi mini zafi, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni ne golan ƙungiyar. Ba mu da raga, duk ƙwallon da aka ci gola ne ke bin ta har gangare ya ɗauko, don haka ba wanda ya kai ni sanin darajar mutumin nan.

A garin Wad Madani ya koyi wasan, a shekaru bakwai da ya yi yana cirar auduga a hanyarsa daga Kano zuwa Hajji. Ba ya ihu a bakin fili. Kallo yake yi, kallon da kan sa ka tuna laifin da ka yi jiya.

A shekara ta 1374 bayan Hijira rigima ta tashi tsakaninmu da 'yan unguwar Misfala a kan filin. Mai shi, wani dattijo mai fataucin raƙuma, ya gaji da hayaniyarmu ya ce mu buga ranar Juma'a ta sama, wanda ya ci ya riƙe fili, wanda aka ci kada ya sake ganin ƙafarsa. Jarwal kuwa duwatsu ne da lunguna. In muka rasa wannan shimfiɗaɗɗen wuri, ƙungiya ta mutu. Ga shi sau biyu suna lallasa mu, kuma duk ta hanya ɗaya: a zuro ƙwallo daga tsakiya ta ratsa 'yan bayanmu, ɗan gabansu Siraj ya bi ta a guje, ya rage daga ni sai shi.

Maganin da Ammi Lurwanu ya koya mana ba mai wuya ba ne. 'Yan baya uku su tsaya layi ɗaya, kafin a zuro ƙwallon su taka gaba tare, Siraj ya faɗa satar gida. Isa yana yi. Mukhtaru mahauci, babbanmu, yana yi. Dauda ne kullum ake bari a baya da taku ɗaya, kuma wannan takun ne ke halatta wa Siraj gudunsa. Wasu suka ce nawa ce, wasu suka ce tsoro. Ni ma, Allah Ya yafe mini, na ce a cire shi.

Kai ne ka ƙi, Ammi Lurwanu. Kwana biyu ba ka busa usur ba, ka zauna kan dutse kana kallo. Da aka tashi ka bi mu a baya har cikin unguwa, a nan ka ga abin da muke gani kullum ba mu lura ba. Mukhtaru kawun Dauda ne, shi ya rene shi tun rasuwar mahaifinsa. A kasuwa, a lungu, a hanyar Harami, Dauda bai taɓa jerawa da shi ba, taku ɗaya yake bari. Ƙafarsa ta saba, har a fili ba ta yarda ta yi daidai da ta kawu ba.

Ammi Lurwanu bai ce wa Dauda uffan ba. Rumfar Mukhtaru ya je, Isa yana wurin, shi ya ba ni labari.

"Ya Mukhtaru, in liman ya ce istawu, a daidaita sahu, ina Dauda ke tsayawa?"

"Kusa da ni mana, kafaɗa da kafaɗa."

"Ka taɓa cewa ya raina ka?"

"Astagfirullah. Ai sahu ne, ya shekh."

"Ɗayyib. To ka gaya masa da bakinka, fili ma sahu ne. In daga bakina ya fito ba zai ji ba. Kuma shi zai riƙa kiran layi, ya fi ku ido."

Mukhtaru ya daɗe yana wasa wuƙa kafin ya ce, "Khalas, zan faɗa masa."

Kwana takwas suka yi suna takawa gaba da baya a kan layin da Ammi Lurwanu ya ja da sandar garwarsa.

Ranar wasa muka jefa ɗaya tun da wuri, muka riƙe ta. Sau biyar alƙalin wasa yana busa wa Siraj satar gida, har ya fara zagin takalminsa. Gab da Magariba Mukhtaru ya gaji, mai shekara talatin da huɗu da ya wuni yana saran ƙashi. Na hango ɗan tsakiyarsu ya ɗaga kai zai zuro, Isa ya taka, Mukhtaru yana nan dafe da ƙugu. Sai na ji muryar Dauda, wanda ban taɓa jin ya ɗaga ta ba.

"Kawu, sahu!"

Ya damƙi hannun rigar kawunsa ya fizgo shi gaba. Ƙwallo ta wuce, Siraj ya wuce ni ya zuba ta gangare, usur ya biyo baya. Satar gida ce. Wannan ƙwallon da murna na je na ɗauko ta.

Kai ne mai ruwan Jarwal, mai gyaran sahu ba da tsawa ba. Da ka bi ta tamu, da an kori mutum saboda ladabinsa, da fili ya tafi. Yau ƙungiya uku ke wasa a wurin, yawancinsu ba su san wanda ya tsare musu shi ba. Mun gode, Ammi Lurwanu. Allah Ya ba gwiwoyin nan sauƙi, Ya shayar da kai kamar yadda ka shayar da gidajenmu.

Ku kuma da aka damƙa wa mutane, a fili ko a rumfa, kafin ku yanke cewa wane ba ya iyawa, ku bi shi har gida ku ga yadda yake tafiya. Ranar nan da aka tashi, Dauda ya durƙusa ya ba kawunsa haƙuri, Mukhtaru ya dafa kansa yana dariya. Sannan Dauda ya ɗauki takalman kawun, ya bi shi gida, taku ɗaya a baya. Har yau haka suke tafiya, kuma har yau filin namu ne.