Taurari Huɗu a Hular Fusae

Duk watan Fabrairu wani kifin teku da ake kira saba ake ci a gidan Kumagai. Da safe gasasshe, da rana a kwanon abincin tafiya aiki, da yamma a dafa shi da miso, irin daddawarmu ta waken suya. Mai gidan, Masakatsu, wanda ke kai tukwanen gas gida-gida, ya taɓa ce mini ko kyanwar unguwa ta daina tsayawa a ƙofarsu, ita ma ta gundura. Dalilin shi ne a watan Maris ake jarrabawar yankan kifi a kantinmu, matarsa Fusae kuwa ba ta shiga abu da ka. Da kuɗinta take sayen kifi ta kai gida ta yi ta gwada hannu, abin da ta yanka kuma dole a ci shi.

Ni sunana Konno, a ɓangaren suya nake a babban kantin garinmu na bakin teku. Bango ɗaya ya raba ni da ɗakin kifi, bangon kuma da taga. Ta wannan tagar na yi shekaru ina kallon Fusae, har na san sautin wuƙarta fiye da muryarta.

'Yar masunci ce. Tun tana budurwa take aiki a masana'antar kifin gwangwani, da aka rufe wurin ta dawo kanti ta zama mai aikin awa kamar mu duka, matan aure da ake biya gwargwadon awannin da muka tsaya. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana, ba ta kuma da sauƙi. Ɗakin kifi ko da zafi ko da hunturu sanyi ne, ƙasa kullum a jiƙe, hannuwanta jajaye a tsattsage. Da wuƙarta take zuwa daga gida, a naɗe cikin tawul, kuma wanda ya taɓa ta zai ji abin da bai shirya ji ba.

Kamfanin yana da wata al'ada da a da muke ganin adalci ce. Wadda ta ci jarrabawar sashenta, a taron safe da muke jeruwa kafin a buɗe ƙofa, manaja zai kira sunanta ya miƙa mata ɗan tauraron ƙyalle da hannu biyu, ta karɓa da hannu biyu, a tafa mata. Ta je gida ta ɗinka shi a goshin hular aikinta, daga wata mai zuwa kuma a ƙara mata yen goma ko ashirin a kan kowace awa. Ni tauraro ɗaya na samu na ce ya ishe ni, ba zan kashe kaina a kan soyayyen dankali ba. Fusae huɗu ta tara. Na huɗun, na shirya babban farantin ɗanyen kifi irin na sabuwar shekara, sai da ya kayar da ita sau biyu. Ranar da ta same shi ta sayo alawar wake ta raba mana a ɗakin hutu, ita da ba ta saba ba mutum ko tsinken sakace ba.

Ta san kuɗin ba su taka kara sun karya ba, ta sha faɗa mini haka. Abin da take so shi ne a ga tazara tsakaninta da wadda aka ɗauka jiya, ko da tazarar ba ta wuce kuɗin tofu, wato awara, ba.

Sai dai kowace shekara idan kaka ta kama, gwamnati kan ɗaga mafi ƙarancin albashi. A da ɗan kaɗan ne, ba wanda ya ko lura. Daga baya ya fara tsalle, yen talatin, arba'in, har hamsin a shekara guda. Ba zan ɓoye ba, ni murna nake yi, don shinkafa da kananzir sun fi ƙarfinmu, kuma ina can ƙasa inda ƙarin yake samun mutum. Amma kamfaninmu na ƙasa kawai yake ɗagawa su kai inda doka ta ce. Wanda ya riga ya wuce wurin, a bar shi inda yake tsaye. Abin da Fusae ta samu a Afrilu da gumi, sai Oktoba ta zo ta raba wa kowa irinsa kyauta, mu kuma muna ta tasowa kusa da ita kamar ruwan da ake zubawa a randa.

A tsakiyar haka aka ɗauki Oikawa Rie, mai 'ya'ya biyu ƙanana, mace mai fara'a da yawan ba da haƙuri. Aka haɗa ta da Fusae ta koya mata aiki. Rie kuwa idon kifi take tsoro, sai ta rufe masa fuska da tawul kafin ta sa wuƙa.

"Oikawa-san, kifin nan ya mutu," in ji Fusae, tana kiranta da sunan gidansu haɗe da "san" na girmamawa, kamar yadda muke yi. "Ba zai kai ƙararki ko'ina ba. Riƙe shi da kyau."

Haka ta yi ta fama da ita, da faɗa da komai, har Rie ta iya raba kifi gida uku ba tare da ta bar rabin naman a jikin ƙaya ba.

Ran ɗaya ga Oktoban bara waccan muka jeru kamar kullum. Manaja Chiba, wani matashi mai ladabi da aka turo daga hedikwata, ya ce yana da albishir. Daga yau babu wanda zai karɓi ƙasa da kaza a awa, ya faɗi adadin. Muka tafa. A nan ba a tambayar mutum albashinsa, amma ni na san na Fusae, don a tagata take zuwa ta yi gunaguni. Adadin nan da ya faɗa shi ne nata daidai. Na saci kallonta, na ga ita ma tana tafi, a hankali, taurarinta huɗu suna jere a goshinta. Rie da ke gefenta, wadda hularta fara ce fat, har da ɗan tsalle.

Bayan an watse ta tare manaja a bakin ɗakin kifi. Na rage wutar kaskona don in ji.

"Manaja, taurarina fa?"

"Suna nan, Kumagai-san. An lissafa su a ciki."

"A cikin me?"

"A cikin kuɗin awarki."

"To na Oikawa-san me aka lissafa a ciki?"

Ya sunkuya ya ba ta haƙuri. Ya ce garin yana ta raguwa, ciniki ba kamar da ba, idan aka ɗaga kowa da kowa kantin ba zai kai labari ba, kuma ba shi ke yanke hukunci ba. Ban ce ƙarya yake yi ba, duk mun ga yadda kantunan layinmu suke rufewa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce akwai tauraro na biyar, na masu koyarwa, yen ashirin ne, kuma ya tabbata in ta shiga a Maris za ta ci.

"Zai kai Oktoba?" ta tambaye shi.

Sai ya sake sunkuyawa.

Washegari ta leƙo tagata ta ce mini daga yau yankan sabon shiga za ta yi, tunda kuɗin sabon shiga ake biyanta. Na ce ta yi daidai, ni ma da haka zan yi. Ta bar wuƙarta a jaka ta ɗauki ta kanti, wadda ko albasa sai an roƙe ta. Ta yanka faranti na farko, wani yanki kauri wani siriri, ta jera su yadda suka ga dama, ta naɗe da leda ta kai waje. Ta yi na biyu ta kai. Kafin ta gama na uku na ga ta tsaya tana kallon ƙofa. Ta fita, ta dawo da farantan nan biyu a hannu, ta ɓare ledar, ta ciro wuƙarta daga tawul ta gyara su ɗaya bayan ɗaya. Da ta ɗago ta ga ina kallonta, idonta ya yi ja.

"Ke kuma me kike kallo? Dankalinki yana ƙonewa."

Ban taɓa jin tausayin mutum irin na ranar ba, ban kuma taɓa jin haushin kantin nan haka ba. Yanzu ta gane, su ma sun daɗe da ganewa, cewa ko nawa suka ba ta haka za ta yanka.

Daga nan ta daina gunaguni, wanda ya fi gunagunin tayar mini da hankali. Ta yi farantan sabuwar shekara kamar kullum, mutane suka yi layi suka kwashe. Da Fabrairu ta zo, Masakatsu ya kawo mana gas ya tsaya a ƙofar baya yana sosa ƙeya. Ya ce mako biyu ke nan naman alade yake ci, abin da ya yi shekaru yana roƙo, amma ya kasa jin daɗinsa. Ya tambayi maman yara ina kifi, ta ce masa teku ta ƙafe.

A ƙarshen Maris ta ajiye aiki. Ta samu wurin wanki a gidan kula da tsofaffi, ninke zanen gado, a ɗaki mai ɗumi, har da kujera. Kuɗin awa ɗaya ne da na kanti, ko'ina yanzu ɗaya ne. Ƙa'ida ce mai barin aiki ta mayar da kayan aiki a wanke kamar yadda aka ba ta, don haka ta warware taurarin kafin ta kawo hular. Inda suka zauna ya fi sauran ƙyallen haske, har yanzu ana ganin shatinsu a kan wata sabuwar ma'aikaciya da aka ba hular, wadda ba ta san ko na mene ne ba.

Kwanakin baya, da Fabrairu ta sake zagayowa, na tashi aiki na haɗu da Fusae ta zo cefane. Hannuwanta sun warke, sun yi laushi kamar ba nata ba. Na tambaye ta aiki, ta ce zanen gado ba ya wari, ba ya kuma buƙatar kowa ya iya shi. Muna tsaye sai ga Rie ta nufo wurin biya da kifin saba uku a kwando. Ta sunkuya ta gaida Fusae, ta ce cikin kunya za ta gwada jarrabawar farko a Maris, ko Kumagai-san tana da shawarar da za ta ba ta.

Na san abin da nake so ta ce, wato kada Rie ta wahalar da kanta a kan tauraro. Na ga ta buɗe baki, sai ta dubi kwandon.

"Wa ya zaɓa miki waɗannan? Dubi idonsu, na jiya ne. Naman zai farfashe miki a hannu."

Ta karɓi kwandon ta koma wurin ƙanƙara da kanta, ta danna wannan ta juya wancan, ta zaɓo uku masu kyau ta miƙa mata. Rie ta yi ta godiya. Fusae ta goge yatsunta a gefen rigarta, ta ɗauki kwandonta mai cinyar kaza da kabeji, ta shiga layi bayan Rie.