Gatanar da kakata ta ƙi ƙarasa mini

Shekarun baya can, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina yarinya a Deule, kakata ce ke yi mana gatana, wato tatsuniya. Halinta ɗaya, ba ta ƙarasa labari a zama guda. Sai ta ga mun saki baki, ta ajiye mazarin kaɗinta ta ce sai gobe.

Akwai wata da ta fara mana, ta yarinyar da ta bi zabuwarta ta faɗa tsohuwar rijiya. Ana kan wannan aka ce garinmu ya ba da yaran lakkwal, wato makarantar boko. Mai gari ya ɓoye nasa, ya nuna gidanmu. Da hantsi sai ga gardi, dogarin gwamnati, wai garin Madawa za a kai mu.

Mahaifiyata na ɗaure mini ƙulli tana kuka, ni kuwa, don wauta, rijiyar nan ce damuwata. Na riƙe zanen tsohuwa na ce, "Kaka, hwaɗa min yadda ta hito."

Ta ce, "Da rana tsaka? Ɗiyan da anka yi ma gatana da rana ɓacewa sukai. Ki tahi ki komo, tana nan tana jiranki."

Na yi magiya har gardi ya gaji da tsayuwa. Ta ƙi.

A lakkwal, mushe, wato malaminmu, yakan karanta mana tatsuniyoyin Nasara rana na bisa kai, ban ga wanda ya ɓace ba. Da aka ba mu hutu na komo gida, sai na iske ɗakinta an zuba ƙaiƙayi. Tun lokacin girbin hatsi ta rasu. Ba wanda ya aiko, wai kada karatuna ya lalace.

Na bi tsofaffin unguwa ina tambaya, ba wadda ta taɓa jin wannan gatanar. Mahaifiyata ta ce ai da kanta take ƙago su, kullum ta ƙara kaɗan.

Na daɗe ina jin haushinta, har yanzu ma bai gama fita ba. Sai da na girma na gane da gangan ta riƙe ƙarshen, don ya jawo ni gida, ba ta da abin da ya fi shi ƙarfi. Ya kuwa jawo ni, ban ɓace ba. Amma yau ga ni da jikoki, yarinyar nan tana cikin rijiya, ban san ta inda zan fito da ita ba.