Baƙuwar Baba da Ruwan Buta

Ina cikin aji a Mashi, da alli a hannuna, wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Ƙanena Kabiru ne, kuma Kabiru ba ya kirana a lokacin aiki, don haka tun kafin in ɗauka na san ba lafiya ba. Ya yi sallama da wata murya da ban san shi da ita ba, ya ce in yi haƙuri, Allah ya yi wa Baba rasuwa da hantsin nan. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban tuna yadda na fita daga makarantar ba, ban tuna motar da na shiga ba. Abin da na tuna shi ne, duk tsawon hanyar Daura ina tsoron kada a fita da shi kafin in iso. Allah ya sa na tarar da shi, an gama yi masa sutura. Na durƙusa na yi masa addu'a, maza suka ɗauke shi.

Mahaifina, Alhaji Isiyaku, a fataucin shanu ya ƙare ƙarfinsa. Yana saye a kasuwar Mai'adua, ya yi lodi zuwa Kudu. Abokan sana'arsa da suka zo ta'aziyya sun shaide shi da abu guda: ba ya yarda a cusa masa dabba fiye da yadda mota za ta ɗauka, ko da direba zai yi fushi, kuma ba ya cin abinci a hanya sai ya ga shanun sun sha ruwa. A gida ba mai yawan magana ba ne. In ya je duba marar lafiya ba ya daɗewa, zai yi addu'a ya miƙe, ya ce yawan kulawa ma yana gajiyar da mutum. Ni ce 'yarsa ta fari, sunan mahaifiyarsa ya sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata.

A wata tafiya da ya yi Kudu muna yara, ya dawo da wani ɗan reshe a cikin gorar ruwa. Shuka ce mai yaɗo, ganyenta kore da ratsin rawaya, irin wadda mutanen can suke ajiyewa a cikin ɗaki. Ya dasa ta a tukunyar ƙasa a kusurwar zaure, inda haske ke shiga amma rana ba ta dukanta, ya sa mata suna Baƙuwa. Cewa ya yi ba ta san zafin garinmu ba, dole a riƙe ta yadda ake riƙe baƙo. Mahaifiyarmu, Inna, ta sha yi masa tsiya a kanta. Takan ce ba ta taɓa ganin mai shanu yana kiwon ciyawar da ba a miya da ita, akuya ma ba ta ci ba. Shi dai sai ya yi murmushi, ya ƙara buga ƙusa a bango, ya ɗaura zare. Da haka Baƙuwa ta bi bango har ta zagaye zauren.

Yana da yadda yake ba ta ruwa. Ba ya zubawa sai ya nutsa ɗan yatsa a cikin ƙasar tukunyar, in ya ji damshi ya mayar da buta. Ya sha faɗa mini:

“Uwata, ki tambayi ƙasa kafin ki ba ta ruwa. Ba ƙishirwa ke kashe wannan ba, ruwa ne.”

Ni kuwa a gidanmu an san hannuna. Ko albasa na dasa sai ta mutu, har Kabiru yakan ce kada a bar ni in yi wa gona kallo. Ga shi ni matsoraciya ce ta gaske, ina tsoron taɓa duk abin da zai iya lalacewa a hannuna. Duk da haka, a zuwana na ƙarshe Baba ya nuna mini sabuwar tukunya da ya saya ya kife a bayan ƙofa. Ya ce saiwar Baƙuwa ta cika tsohuwar har ta toshe hujin da ruwa ke fita, shi kuma hannunsa ya fara rawa, in na zo hutu mu sauya mata tare. Na ce to, ina cewa a raina shi zai yi aikin, ni in riƙa miƙa masa kaya.

A kwanakin zaman makoki ni ina cikin gida da mata. Maza suna zaure da ƙofar gida, mutane daga Mai'adua, daga Dutsi, har daga ƙetaren iyaka. Duk wanda ya gama alwala ya ga sauran ruwa a buta, sai ya juye shi a tukunyar Baƙuwa. Wasu ma a kanta suke wanke hannu, don kada ruwan ya tafi a banza. Babu wanda ya yi da mugun nufi. Kowa ya san shukar Alhaji ce, kowa yana ganin shayar da ita sadaka ce da ladanta zai kai gare shi. Kabiru ya ce shi da ya gani daɗi ma ya ji.

Da jama'a suka ragu, Inna ta kira ni. Tana takaba, ba ta leƙa zaure, abinci ma sai an matsa mata take ɗan taɓawa. Ta ce in je in dubo Baƙuwa. Ina shiga na ji wari irin na kwata. Ruwa ya kwanta a saman ƙasar, ganyayen sun koma rawaya sun langaɓe, wasu sun zube a kan tabarma. Abu mai rai na ƙarshe da hannun Baba ya rena ke nan yana mutuwa, a makon da muka rasa shi. Na koma na faɗa wa Inna yadda na gani. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

“Tukunyar tana bayan ƙofa. Ke ya ce.”

Washegari da safe ni da Kabiru muka kwance zaren daga ƙusoshi, muka ɗauko ta zuwa tsakar gida. Inna ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta. Shukar ta ƙi fita daga tsohuwar tukunyar, sai da Kabiru ya fasa ta da taɓarya, ƙarar ta shiga har cikin raina. Saiwoyin sun naɗe juna, yawancinsu sun yi baƙi, suna narkewa in an taɓa. Na ɗauki wuƙa. Tsorona shi ne in yanke mai rai in bar ruɓaɓɓe, ta mutu, Inna tana kallo. Sai na tuna wata rana da yake cire mata wani reshe da ya lalace, na ce masa bai ji tausayi ba, ya ce abin da ya ruɓe ba a jin tausayinsa, na kusa da shi ake tausaya wa. Na yi bisimilla na fara yanka.

Fararen saiwoyin da suka rage ba su cika tafin hannu ba. Na barbaɗa musu toka. Na jera gutsattsarin tsohuwar tukunyar a ƙasan sabuwar don kada hujin ya toshe, na haɗa yashi da tsohon takin shanu da dakakken gawayi, yadda na ga yana yi. Sai abin da ya fi komai wuya. Wannan 'yar saiwa ba za ta iya ciyar da yaɗon da ya zagaye zaure ba, dole a rage shi. Na yanke shekarun da Baba ya yi yana buga ƙusa yana ɗaura zare, na bar reshe biyu gajeru. Inna ta kawar da kai. Da na rasa abin da za su jingina da shi, ta shiga ɗaki ta fito da tsohuwar sandarsa ta korar shanu, ta miƙo mini na kafa.

Na koma Mashi da fargaba. Duk lokacin da waya ta yi ƙara sai in zaci za a ce mini Baƙuwa ta mutu. In na tambayi Kabiru, sai ya ce tana nan dai, ba ta mutu ba, ba ta kuma tashi ba. Inna ta sa an ajiye ta a inuwar barandarta, ta hana a mayar da ita zaure.

Ranar addu'ar arba'in na dawo. Kafin in gaisa da kowa na nufi baranda. Ganye ɗaya ya ƙara faɗuwa, amma a kan reshen da ya rungumi sandar akwai wani ɗan sabon ganye a naɗe, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ina tsaye a wurin wata gwaggonmu ta gama alwala, ta nufo tukunyar da sauran ruwan buta. Inna, wadda tun rasuwar ba a ji ta ɗaga murya ba, ta ce:

“Dakata, Yaya.”

Ta taso, ta durƙusa, ta nutsa ɗan yatsa a cikin ƙasar, ta ɗan jima. Sannan ta ce da damshi, a bar ta tukuna, Alhaji ya ce a riƙa tambayar ƙasa. Matar da ta shekara da shekaru tana yi masa tsiya a kan ciyawa ke nan. A nan na yi kukan da ban samu yi ba ranar da aka fita da shi.

Har yanzu ina tsoro, don ganye ɗaya ba ya nuna an tsira, ga bazara tana tafe. Amma na san yatsan da ke gadinta.

Ya Allah ka jiƙan Baba, ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci kamar yadda ya nema wa baƙuwar shuka inuwa, ya shayar da dabba kafin ya sha. Ka saka wa duk wanda ya zo mana ta'aziyya da alheri, har da waɗanda suka juye ruwan buta don ƙaunarsa. Ka ba Inna haƙuri da lafiya, ka ƙarfafa Kabiru a kan nauyin gida, ka raya abin da Baba ya bari a hannunmu. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.